Ƙauracewa kaya, rufe boda da gudun masu zuba jari: tambayoyin da 'yan kasuwa ke ta yi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa a bakin 'yan kasuwa, daga masu shago a Kwari da Singa har direbobin da ke lodi tsakanin Maraɗi da Katsina. Najeriya ce tushen maganar, amma dole Nijar da Ghana su shigo ciki tunda kasuwarmu a haɗe take.

Wai ƙauracewa da takunkumi da hana shigo da kaya ba duk abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake a aljihun ɗan kasuwa zafinsu kusan ɗaya. Ƙauracewa daga jama'a take fitowa, mutane su ce mun daina sayen kayan kamfani kaza ko ƙasa kaza don an ɓata mana rai, babu ɗan sandan da zai kama ka in ka saya. Takunkumi kuwa gwamnatoci ke ƙaƙaba wa wata ƙasa don su tanƙwara ta, kamar yadda ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi wa Nijar. Hana shigo da kaya kuma gwamnatinka ce da kanta ke tare ƙofa, yawanci da sunan kare manoma ko masana'antun gida. Akwai na huɗu wanda babu takardar da aka rubuta shi a kai, wato shingen da ke hana baƙo kawo kuɗinsa ya kafa masana'anta, irin su rashin dala da rashin wuta da canza doka dare ɗaya. A ganina wannan na huɗun ya fi duk sauran cin mu, za mu zo kansa a ƙasa.

An taɓa yin ƙauracewar da ta yi tasiri kuwa, ko hayaniya ce kawai?

An yi. A 2006, bayan zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da wata jarida ta buga a Denmark, cinikin kamfanin madara na Arla, masu Dano, ya kusan tsayawa cak a ƙasashen Larabawa cikin 'yan makonni. A nan Kano ma 'yan majalisar jiha sun ƙona tutar Denmark. Tun ƙarshen 2023 kuma, saboda abin da ake yi wa mutanen Gaza, KFC ya rufe rassa sama da 100 a Malesiya na wani lokaci, McDonald's ya saye gidajen abincinsa 225 da ke Isra'ila daga hannun mai riƙe da su, a Masar kuwa wani tsohon lemon kwalba na gida mai suna Spiro Spathis ya dawo kasuwa da ƙarfinsa.

Abin lura shi ne duk inda ta ci, akwai madadi a hannu. Mutumin Alƙahira ya ajiye wannan kwalba ya ɗauki waccan, bai kwana da ƙishi ba. Inda babu madadi, kamar magani ko kayan gyaran inji, ƙauracewar takan mutu da kanta ba tare da wani ya ce a daina ba.

Idan na daina sayen kayan wani kamfanin waje, wa ke yin asarar da gaske?

Wannan tambayar ta cancanci a tsaya a kanta. Yawancin kayan da muke kira na waje a nan ake haɗa su, ma'aikata 'yan nan, dillalai 'yan nan, mai kanti ɗan unguwarku ne, uwar kamfanin can tana karɓar kasonta ne kawai na suna da sinadari. To bugun farko kan na kusa yake sauka kafin ya kai can. Wannan ba ya nufin kar ka ƙaurace. Kuɗinka ne, kuma mutum yana da haƙƙin ya ƙi sa kuɗinsa inda zuciyarsa ba ta yarda ba, ni ma akwai abubuwan da na daina saye. Abin da nake roƙo dai a bincika kafin a tura saƙon WhatsApp, don jerin sunayen da ke yawo sau da yawa har da kamfanonin da babu ruwansu.

Inda ban yarda ba sam shi ne fasa shago. A Satumban 2019 da aka far wa baƙi a Afirka ta Kudu, matasa a Legas da wasu garuruwa suka afka wa Shoprite da ofisoshin MTN, kuma shagunan da aka wawashe a cikin waɗannan manyan kantunan da yawa na 'yan Najeriya ne masu haya. Mai jarin da ke kallo daga nesa kuma abu ɗaya ya riƙe, cewa a ƙasar nan ana iya ƙona maka dukiya kan laifin da wani ya yi a wata ƙasa.

Lokacin da aka hana kai abinci kudu fa, ba mu ne muka ci nasara ba?

Fabrairun 2021 kenan, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan inda 'yan arewa suka rasa rayuka da dukiya. Ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta ce babu motar da za ta sauka kudu, aka tare tireloli a wajen Jebba, nama da tumatur da albasa suka yi tashin gwauron zabi a kasuwar Mile 12 ta Legas. Ta wannan ɓangaren an ji murya, gwamnati ta zauna da su, cikin kusan mako guda aka janye.

Amma wanda ya je kasuwar tumatur ta Kwanar Gafan a jihar Kano a satin ya ga ɗaya fuskar. Lokacin tsakiyar kakar tumatur ɗin rani ne, kwanduna jere a bakin titi babu mai taya, ruwa na tsiyaya ta ƙasan kwando, ƙudaje sun rufe, manomi yana tsaye ya riga ya biya 'yan tsinka ya biya mai kura, bashin taki na jiransa a gida. Mai shanu zai iya riƙe sansa wata guda, mai masara ya mayar da buhunsa sito, mai tumatur kwana uku gare shi. Shi ya sa duk wanda zai kira irin wannan yajin ya kamata ya fara tambayar wa ke riƙe da kayan gwari a ranar.

Rufe boda na 2019 ya amfane mu ko ya cutar da mu?

Duka biyun, sai dai ba mutum ɗaya ne ya ci ribar kuma ya sha wuyar ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, babban dalilin shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano a tsallako da ita, sai makamai, sai fetur ɗin tallafi da ke fita. Ba a buɗe ba sai Disambar 2020, shi ma guda huɗu, Seme da Illela da Maigatari da Mfun, Jibiya da Kamba sai Afrilun 2022. Masu injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa sun ƙaru sosai, manomin shanshera ya ga kuɗi, wannan gaskiya ne ba za a ƙi faɗa ba.

A ɗaya hannun buhun shinkafa ya yi tsalle bai sake saukowa ba, shinkafar wajen kuma ba ta daina shigowa ba, ta koma kan babura da ƙananan motoci ta cikin daji, kuɗin da ya kamata ya shiga asusun kwastam ya koma cin hanci a shingaye. Da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda a Nuwamban 2019, mutumin Jibiya da bai taɓa yin fasa-ƙwauri ba shi ma sai ya sayi galan a hannun 'yan bumburutu. Sannan masana'antun Kano da Legas masu sayar da robobi da sabulu da taliya a Nijar da Chadi da Ghana suka rasa kwastomominsu. Abin da ya fi ɗaure wa masu jari kai shi ne, wata ɗaya kacal kafin rufewar, a Yulin 2019, Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka. Wanda ke shirin kafa masana'anta don ya sayar wa yankin gaba ɗaya dole ya sake lissafi.

Takunkumin ECOWAS kan Nijar, me ya haifar a kasuwa?

Sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ranar 30 ga wata ECOWAS ta rufe iyakoki ta tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Motoci ɗaruruwa suka maƙale a Malanville da Illela da Jibiya, albasa ta ruɓe a cikin mota, magani ya yi wuya a Yamai da Damagaram, dabbobin da ke sauka Maigatari suka ragu. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, bodar Najeriya da Nijar ta buɗe a Maris, Bazoum bai koma mulki ba, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice daga ECOWAS gaba ɗaya a Janairun 2025. Ni ban ga abin da aka samu ba in ban da raba 'yan uwa, don mutumin Konni da na Illela kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi.

Ta fuskar jari kuma rikicin ya bar tabo. Bututun man da 'yan China suka shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, da aka gama shi sai da Benin ta hana lodi a Mayun 2024 saboda Nijar ta ƙi buɗe bodarta da Benin. A Yunin 2024 Nijar ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa, a Yunin 2025 ta mayar da Somaïr, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit da Orano ke da kaso mafi tsoka a ciki, hannun gwamnati. Mutane da yawa sun yi murna kuma na fahimci dalilinsu, shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit garin bai ga abin kirki ba. Sai dai wanda zai zo ya maye gurbin shi ma yana kallon yadda aka rabu da na farko.

Shin dokar Najeriya ta hana baƙo mallakar kamfani?

A da ta hana, yanzu ba ta hana ba. A 1972 gwamnatin Gowon ta yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, a 1977 Obasanjo ya ƙara tsaurara ta, aka kasa sana'o'i gida uku: waɗanda 'yan ƙasa kaɗai za su yi, waɗanda dole su riƙe kashi 60, da na kashi 40. A wancan zamanin ne Barclays ya zama Union Bank, Standard ya zama First Bank, a 1979 kuma aka ƙwace kamfanin mai na BP saboda alaƙarsa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ya zama AP. A 1995 zamanin Abacha aka soke dokar aka kafa hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC, tun daga nan baƙo zai iya mallakar kamfani ɗari bisa ɗari in ban da 'yan abubuwa irin su ƙera makamai da miyagun ƙwayoyi. Harkar mai tana da tata dokar ta 2010 mai fifita 'yan gida wajen kwangila da ɗaukar aiki.

To in doka ba ta hana ba, me ke korar su?

Dala, kafin komai. Mai jari ba ya tsoron shigowa kamar yadda yake tsoron ya kasa fita. Ya kawo dala ya canza, banki ya ba shi takardar shaidar shigo da jari wadda da ita ce zai fitar da ribarsa, ya yi ciniki da naira, ranar da ya je neman dala sai a ce ya bi layi. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen sama na waje da suka maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800, Emirates ya daina zuwa tun ƙarshen 2022 bai dawo ba sai Oktoban 2024. Yana cikin layin kuma naira ta faɗi, daga wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024, wato ribar shekara uku ta koma ta shekara ɗaya yana zaune. A wannan tsakanin ne kamfanin magunguna na GSK ya ce ya tattara a Agustan 2023, P&G masu Pampers da Ariel suka ce sun daina haɗa kaya a nan a Disamba, Shoprite na Ado Bayero Mall a Kano ma ya rufe a Janairun 2024.

Na biyu shi ne hukunci ba zato. A 2015 an ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka miliyan 5.1 marasa rajista, daga baya aka sasanta a biliyan 330. Laifi dai sun yi, babu musu. Amma a 2018 babban bankin ƙasa, CBN, ya ce su dawo da dala biliyan 8.1 da suka fitar, ƙarshe aka rufe maganar da dala miliyan 53. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce abin da mai kuɗi ke tsoro. Haka harajin ɗaukar ma'aikata baƙi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, dala 15,000 kan darakta 10,000 kan sauran duk shekara, bai yi wata guda ba aka dakatar.

Kayan nan 41 da CBN ya hana wa dala, mene ne labarinsu?

Yunin 2015 ne, zamanin Emefiele. Ba a haramta kayan ba, cewa aka yi in za ka shigo da su kar ka nemi dala a banki, ka nemo a wani wurin. Akwai shinkafa da siminti da manja da tumatirin gwangwani da yadi har da tsinken sakace, daga baya suka kai 43. Sakamakon shi ne kowa ya kwarara kasuwannin canji na Wapa a Kano da Zone 4 a Abuja, farashin bayan fage ya yi nisa da na gwamnati, masu hanya suka riƙa karɓa a banki suna sayarwa a kasuwa. Wasu kayan a jerin kuma ɗanyen kayan masana'antun gida ne, aka tare su tare da na ƙawa. Cardoso, gwamnan CBN da ya zo bayan Emefiele, ya soke tsarin a Oktoban 2023. Duba amsar da ke sama kan dala, don tushensu ɗaya.

Me ya sa ko waɗanda suka shigo ba sa haurowa arewa?

Wuta da hanya da tsaro. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000, a Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna yawancin jihohin arewa sun fi mako a duhu. Ka shiga Sharaɗa ko Bompai ko Chalawa ka ƙirga ƙofofin da ciyawa ta rufe, ka je Kakuri a Kaduna inda masaƙar KTL ta fara tun 1957, masaƙar UNTL ta rufe a 2007 da dubban ma'aikata. Wanda ya ɗauko kwantena daga Apapa zuwa Kano kuma ya san shingaye nawa zai tsaya, ni da kaina na taɓa rako mota, tun ina ƙirgawa har na daina, kowane wuri da rasit ɗinsa, wani wurin babu ma rasit. Ko ɗan gida bai tsira ba, masana'antar tumatur ta Dangote a Kadawa tun buɗe ta a 2016 take tsayawa tana tashi saboda rashin isasshen tumatur.

Ina ruwana in sun tafi, ba gara su bar mana kasuwarmu ba?

Ya danganta da wane baƙo ake magana. Wanda ya kafa inji ya ɗauki yaranmu aiki ya sayi audugarmu daban, wanda ya kawo kwantenar atamfa daga ƙasarsu ya kama shago a Kwari yana sayar da turmi ɗaɗɗaya kan farashin da ɗan gida ba zai iya ba shi ma daban. Ƙorafin 'yan Kwari da marina kan na biyun gaskiya ne, har a 2012 jami'an shige da fice suka kama 'yan China 45 a Kano kan wannan. Na farkon kuwa tafiyarsa asara ce tsantsa. Duk mai ɗan da ke fama da asma ya san yadda kuɗin Ventolin ya koma bayan tafiyar GSK, haka Augmentin, uwa ta tsaya gaban kemis ta ji farashi ta juya da takardar likita a hannu. Kayan dai su ne, daga waje ake kawo su da dala.

'Yan uwanmu da ake kulle wa shaguna a Ghana fa?

Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1 ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki, ƙananan cinikin kasuwa kuma na 'yan ƙasa ne kaɗai. Da ita ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana, GUTA, ta riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Suame da ke Kumasi da wajen Circle a Accra a 2019 da 2020, kuma sun fito fili sun ce ai ku ma kun rufe mana boda (duba amsar rufe boda). Tsohon ciwo ne, Busia, firaministan Ghana, ya kori baƙi a 1969, Hausawan zango da yawa da aka haifa a can suka baro gidajensu, Shagari ya kori 'yan Ghana a 1983. In kana ciniki can, Alhaji, ka tabbata takardunka na zama da rajistar kamfani da na haraji suna hannunka, kar ka dogara da katin ECOWAS kaɗai, shi izinin shiga yake ba ka ba izinin buɗe shago ba.

Mu ma ana tare kayanmu a waje?

Ana yi, kuma wani lokacin mu muka jawo. Tun Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a ciki ya ninka abin da suka yarda da shi sau da yawa, sinadarin nan ne da ke cikin fiya-fiya da ake zuba wa buhu a sito don kar ya yi ƙwari. Meziko ma ta taɓa dakatar da zoɓonmu saboda ƙwaro. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kuma waken da Bature ya ƙi shi muke dafa wa yaranmu. In kana tara wake ko riɗi ko zoɓo a Dawanau da niyyar fitarwa, ka busar da shi sosai a kan tamfol ba a ƙasa ba, ka zuba a buhu mai hawa uku irin na PICS wanda ke kashe ƙwari da rashin iska ba tare da magani ba, ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, sannan ka kai samfur a gwada a ba ka takardar lafiyar tsirrai tun kafin ka biya kuɗin kwantena.